An rubuta "caveat emptor" a bangon gidan da na fara biyan kuɗinsa

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina da aure da 'ya'ya uku, kuma tun da muka yi aure a gidan haya muke zaune. Da kuɗin adashe da na zinarina da na sayar na tara abin da zan mallaki gida. Kawun mijina, wanda shi ya riƙe shi tun yana yaro, ya ce zai sayar mini da wani tsohon gida da ya faɗo a rabonsa cikin gadon mahaifinsu. Muka yi ciniki a kan naira miliyan 9, na tura masa miliyan 4 ta banki a gaban dillali da mijina, a kan zan cika sauran bayan wata uku. Ba mu rubuta komai ba, domin mijina ya ce abin kunya ne a nemi takarda a wurin wanda ya raine shi. Makon jiya na je da mai gini ya duba gyaran da za a yi, sai na tarar an rubuta da jan fenti a bango, da Turanci, cewa gidan ba na sayarwa ba ne, a ƙasa kuma an ƙara da "caveat emptor". Kawu ya ce aikin 'ya'yan marigayi yayansa ne don hassada, kuma kalmomin surutun lauyoyi ne kawai, in cika kuɗina a goge rubutun. Wani abokin aikina kuma ya ce ma'anarsu ita ce wanda ya saya ya saya, ba a mayar da kuɗi, asara ta riga ta hau kaina. Mijina ya yi shiru, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Mene ne ainihin ma'anar waɗannan kalmomi, daga ina suka fito, kuma yaya zan yi in tsira da kuɗina ba tare da na ɓata zumunci ba?

Wata 'yar'uwa mai neman mafita

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki da tausayawa, domin na san abin da ake ji idan mace ta rabu da zinarinta ta haɗa da gumin shekaru don 'ya'yanta su sami inda za su kira nasu, sannan a wayi gari rubutu a bango ya girgiza mata wannan fata. Zan fara da abin da ya fi gaggawa kafin in shiga bayani: kada ki ƙara biyan ko kwabo a kan gidan nan har sai an tabbatar da ko na wane ne. Kuma ki kwantar da hankalinki a kan miliyan 4 ɗin da kika bayar, domin waɗannan kalmomi biyu ba su halatta wa kowa ya riƙe kuɗinki a kan abin da ba shi da ikon sayarwa ba. Kawu ya rage musu nauyi fiye da kima, abokin aikinki kuma ya ɗora musu nauyin da ba nasu ba.

Kalmomin ba Turanci ba ne, Latin ne, harshen mutanen Rum ta dā, kuma Turawan Ingila suna furta su kusan kamar "kabiyat emto". Ta farko ta fito daga aikatau mai nufin yin hattara ko taka tsantsan, an kuma sa ta a sigar umarni ga wanda ba ya wurin, wato "ya yi hattara". Ta biyu tana nufin mai saye. Idan an haɗa su, ma'anar ita ce "mai saye ya yi hattara". Babu maganar hana mayar da kuɗi a cikinsu, kuma babu maganar asara. Dalilin da ya sa kike ganin Latin a bangon gida a ƙasarmu shi ne, ƙarnoni da yawa Latin ne harshen ilimi da coci da rubutun kotuna a Ingila, har sai da majalisar dokokinsu ta yi doka a 1730, wadda ta fara aiki a 1733, cewa a riƙa rubuta bayanan kotu da Turanci. Duk da haka lauyoyinsu suka ci gaba da riƙe gajerun ƙa'idoji da Latin, kuma da mulkin mallaka ya shigo da dokar Ingila Nijeriya, sai ya shigo da su tare da ita.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun da kalmomin na Latin ne, to ƙa'idar ma ta Rumawa ce, amma masu binciken tarihin shari'a sun nuna cewa dokar Rum ta karkata ne ga kishiyar haka. A kasuwannin Rum akwai jami'an da ke kula da saye da sayarwa, kuma sun wajabta wa mai sayar da bawa ko dabbar aiki ya bayyana cuta ko aibin da ke tattare da abin da yake sayarwa. Idan ya ɓoye, mai saye yana da wata 6 da zai mayar da abin ya karɓi kuɗinsa, ko shekara 1 da zai nemi a rage masa farashi. Akwai ma wani labari da ya yi kama da naki, wanda Sisero, shahararren lauya kuma ɗan siyasar Rum, ya kawo a littafinsa kan wajiban ɗan Adam da ya rubuta a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani mutum mai suna Sentumalus yana da gida a kan ɗaya daga tuddan birnin, hukuma ta umarce shi ya rushe sashen da ya yi tsawo da yawa, sai ya yi sauri ya sayar da gidan ba tare da ya gaya wa mai saye cewa akwai wannan umarni ba. Da mai sayen ya gano, ya kai ƙara, alƙali ya yanke cewa tun da mai sayarwa ya sani kuma ya yi shiru, dole ya biya hasarar da ya jawo. Kin ga ke nan, tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masu harshen da kansu ba su yarda mutum ya ɓoye matsalar gida ya fake da cewa mai saye bai tambaya ba.

A Ingila ne maganar ta yi tsiro. Daga cikin wuraren farko da aka gan ta a rubuce akwai wani littafin noma da kiwo na ƙarni na 16 da ake jingina wa wani Baturen Ingila mai suna Fitzherbert, inda ta zo a matsayin gargaɗi ga mai sayen doki, domin kasuwar dawaki wuri ne da ake yawan ɓoye aibi. Daga baya ta shiga kotu. A 1603 aka yi wata shari'a da ɗaliban lauya suke karantawa har yau, tsakanin Chandelor da Lopus. Wani maƙerin zinariya ya sayar da wani dutse a kan fam 100, yana cewa irin dutsen nan ne da ake samu a cikin tumbin wasu dabbobi, wanda mutanen zamanin suka yi imani yana karya guba. Mai saye ya ce dutsen ba shi ba ne, amma kotu ta ce tun da mai sayarwa faɗa kawai ya yi, bai ba da lamuni ba, babu abin da za a bi shi. Wannan tsauri ya yi ƙarfi musamman a ƙarni na 19, lokacin da alƙalai suke ganin kowane baligi shi ya kamata ya tsare kansa a kasuwa. A nan ne fahimtar abokin aikinki ta samo tushe, don haka ba daga iska ya ɗauko ta ba, sai dai ya tsaya a inda dokar kanta ta daɗe da wucewa.

A 1893 Ingila ta yi dokar sayar da kaya, wadda ta ɗora wa mai sayarwa wasu sharuɗɗa ko da ba a faɗe su da baki ba, ciki har da cewa yana da ikon sayar da kayan, kuma kayan sun dace da yadda aka siffanta su. Wannan doka ta shigo Nijeriya cikin dokokin Ingila da aka gada, daga baya jihohi da dama suka yi tasu, sannan dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ƙara taƙaita ikon ɗan kasuwa na cewa abin da aka saya ba a mayarwa. Amma wajibi ne in gaya miki gaskiya, a cinikin fili da gida ƙa'idar tana da sauran ƙarfi fiye da yadda take a cinikin kaya. Doka tana sa ran mai sayen gida ya duba da idonsa, ya yi tambaya, ya bincika takardu. Hausawa suna cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma haka abin yake: idan kin ga bango ya tsage, rufi yana yoyo, kika saya a haka, ba za ki dawo gobe ki ce an cuce ki ba. Sai dai matsalar da ke gabanki ba ta tsagewar bango ba ce, ta mallaka ce, kuma a kanta akwai wata ƙa'ida mai ƙarfi da kotuna suke aiki da ita, cewa mutum ba ya iya ba da abin da ba shi da shi. Wanda ya karɓi kuɗi a kan gidan da ya kasa miƙa mallakarsa, ana bin sa kuɗin.

To me ya sa aka rubuta kalmomin a bango? A Nijeriya sun sami wani aiki na musamman. Saboda yawan damfarar sayar da gidajen mutane ba da saninsu ba, da rigingimun gado, masu gida da lauyoyinsu suna rubuta su a jikin gini ko su buga sanarwa a jarida, domin duk wanda ya zo saye ya san akwai mai da'awa. Amfanin hakan a kotu babba ne. Doka tana yi wa wanda ya saya da zuciya ɗaya, ya biya kuɗi, bai san da haƙƙin wani ba, wani irin sassauci da ba ta yi wa wanda aka gargaɗa ya toshe kunne. Lokacin da kika tura miliyan 4 babu rubutun, don haka babu mai cewa kin san da rigima. Daga ranar da kika karanta shi kuwa, kin zama wadda ta sani. Idan kika cika miliyan 5 bayan haka, aka goge fenti, sannan magada suka kai ƙara, tambayar farko da lauyansu zai yi miki ita ce ko kin ga gargaɗin, kuma amsarki za ta raunana matsayinki ƙwarai. Wannan shi ne dalilin da ya sa shawarar kawu, ko da da kyakkyawar niyya ya ba da ita, ita ce mafi haɗari a gare ki. Rubutun bai tabbatar da cewa masu yin sa suna da gaskiya ba, domin kowa yana iya sayen fenti, amma ya ɗora miki nauyin bincike.

Tun da gidan na gado ne kuma ku Musulmi ne, hukuncin da zai fi tasiri a kansa shi ne na shari'ar Musulunci, kuma a nan za ki sami kwanciyar hankali. Musulunci bai bar mai saye shi kaɗai da nauyin hattara ba. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ya kuma ce idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa wa cinikinsu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Game da gado, da zarar mutum ya rasu, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, kowane magaji ya mallaki kasonsa a cikin abin da aka bari, ko an raba ko ba a raba ba. Idan yayan kawu yana raye lokacin da mahaifinsu ya rasu, to ya gaji kasonsa, kuma da ya rasu kason ya koma ga 'ya'yansa da matarsa. Idan ba a taɓa raba gidan ba, abin da kawu yake da ikon sayarwa shi ne nasa kason kaɗai, sauran kuma a mazhabar Malikiyya cinikin yana rataye ne a kan amincewar masu shi. Ko a kason nasa ma, abokan tarayya suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya farashin da aka saya su karɓe shi daga hannun baƙo, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce wanda yake gari yana da wannan haƙƙi har shekara guda, wanda ba ya nan kuma nasa yana nan ko da ya daɗe bai dawo ba. Idan akwai ƙananan yara marayu a cikinsu, lamarin ya fi nauyi, domin ba a sayar da dukiyar maraya sai ta hannun waliyyinsa ko alƙali, kuma don maslaharsa.

Ina roƙon ki kada ki yi gaggawar ɗaukar kawu a matsayin mayaudari. Abin da ake yawan gani a gidajenmu shi ne, a yi rabon gado da baki a zaure shekaru da yawa da suka wuce, dattawan da suka halarta su rasu, babu takarda, sai kowa ya riƙe abin da ya tuna. Mai yiwuwa an ba shi gidan da gaske, aka ba yayansa gona ko wani gida, 'ya'yan kuma ba su san haka ba domin suna ƙanana. Mai yiwuwa kuma ya daɗe yana kula da gidan, yana gyara shi da kuɗinsa, har ya ɗauka a ransa cewa ya zama nasa, alhali shari'a ba ta ce haka ba. Akwai kuma yiwuwar ya san akwai jayayya ya yi shiru saboda matsin da yake ciki. Ba ki san wanne ne ba tukuna, kuma kalmar hassada da ya yi amfani da ita ba hujja ba ce. Su ma 'ya'yan marigayin ki yi musu adalci a zuciyarki. Matasan da suka ga ana shirin sayar da gidan kakansu ba a tuntuɓe su ba, kuma ba za su iya tsayawa gaban baffansu su yi jayayya ba, sau da yawa ba su da hanyar magana sai irin wannan. Ko da hanyar tasu ta ɓata miki rai, ta zo miki da labari tun kina riƙe da fiye da rabin kuɗinki.

Shirun mijinki shi ne abin da nake ganin ya fi ci miki rai, ko da yake ba ki faɗa ba. Ki fahimci cewa mutumin da kawunsa ya raina yana ɗauke da bashin alheri da ba ya jin zai taɓa iya biya, kuma a wurinsa tambayar kawu takarda kamar ce masa ba a yarda da shi ba ne. Kada ki tunkare shi da "ai kai ka hana a rubuta", domin hakan zai sa ya kare kansa maimakon ya tsaya tare da ke. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa cewa idan aka cika kuɗin sannan magana ta kai kotu, sunan kawu ne zai fi zubewa, kuma shi ne za a riƙa nunawa a dangi a ce matarsa ta saye gidan marayu. Ki tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu a ciniki, kuma an saukar da ita ne ga sahabbai, mutanen da suka fi kowa amana. Rubutu kariya ne ga kawu kamar yadda yake kariya a gare ki, domin rai ba a bakin komai yake ba.

Akwai mutum ɗaya da ba ki ambata ba, wadda nake ganin mabuɗin lamarin yana hannunta: mahaifiyar mijinki, idan tana raye. Kawu ɗan'uwanta ne, don haka idan uba ɗaya suke, ita ma magajiya ce a wannan gida. Ta san ko an yi rabo, ta san wa ya halarta, ta san abin da aka ba ta ko ba a ba ta ba. Mijinki ya je ya gaishe ta ya tambaye ta tarihin gidan cikin ladabi, ba da sigar kai ƙarar kawu ba. Idan ba ta raye, a nemi wata gwaggo ko dattijon dangi da ya ga zamanin. Amsar da za a samu a wannan ziyara za ta iya warware rabin matsalar kafin a kashe ko sisi a wurin lauya.

A naki ɓangaren, ki fara da tsare hujjar kuɗin da kika bayar. Ki je banki ki karɓi takardar bayanan asusunki da ke nuna ranar da kika tura da sunan wanda ya karɓa, ki ɗauki hoton rubutun bangon da ranar da kika gan shi, ki adana duk saƙonnin waya da suka shafi cinikin. Sannan a nemi kawu ya sa hannu a wata gajeriyar takarda, a gaban dillali da shaidu biyu, mai cewa ya karɓi naira miliyan 4 a matsayin kafin alƙalami na gida kaza, cewa za a cika sauran bayan an tabbatar da mallaka, kuma idan ba ta tabbata ba zai mayar da kuɗin. Dillali yana da rawar da zai taka a nan, domin ya ci la'ada ko yana jiran ta, kuma ya san sunansa zai ɓaci a unguwa idan cinikin ya zama rigima. Shi zai iya gabatar da maganar takardar a matsayin al'adar ciniki, ya ɗauke wa mijinki nauyin furta ta. Kada ki bari a goge rubutun da sunanki, kada ki kai yashi ko bulo, kada ki karɓi makulli ki tare.

Bayan haka sai binciken gidan kansa. Ki nemi ganin duk takardar da kawu yake riƙe da ita. Idan gidan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, lauya zai iya bincika fayil ɗinsa a hukumar filaye ta jiharku, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ya ga sunan da ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko wani ya shigar da ƙorafi. Ki sani cewa a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, sauya mallakar irin wannan gida yana buƙatar amincewar gwamna, kuma ita kanta takardar ba ta wanke mallakar da tushenta ya lalace. Tsofaffin gidajen cikin gari da yawa ba su da fayil ko kaɗan, kuma a irinsu shaidar tana wurin mai unguwa da dagaci da maƙwabtan da suka daɗe, da kuma kotun shari'ar Musulunci idan a can aka yi rabon, domin kotu tana ajiye kwafin hukunci. A tambaya kuma ko akwai ƙara a kan gidan yanzu haka, domin wanda ya sayi abin da ake shari'a a kansa, hukuncin da aka yanke zai hau kansa. Kuɗin da za ki biya lauya don wannan bincike kaɗan ne idan aka gwada da abin da kike shirin bayarwa, kuma idan hali ya yi wuya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da rassa a jihohi, suna kuma sauraren irin wannan matsala.

Abin da binciken ya nuna shi zai zaɓa miki hanya. Idan ya tabbata an yi rabo kuma gidan na kawu ne, sai a tara 'ya'yan marigayin a gaban mai unguwa ko wani malami da kowa yake girmamawa, a nuna musu hujja, su sa hannu cewa ba su da da'awa, su goge rubutun da kansu, sannan ki cika kuɗi a rubuta yarjejeniya cikakkiya. Idan ya tabbata ba a raba ba amma magada sun yarda a sayar, to ciniki yana iya tafiya, da sharaɗin kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu, kuma sauran miliyan 5 a biya su a gaban kowa ko ta hannun kotu, a lissafa miliyan 4 ɗin farko cikin abin da za a raba. Wannan hanya takan ɗauki lokaci, amma gidan da aka saya ta haka ba a tashin mutum daga cikinsa. Idan kuwa magada sun ƙi, ko suna son su fanshi gidan kakansu, ki janye da mutunci ki nemi kuɗinki.

A nan ne za ki buƙaci haƙuri, domin akwai yiwuwar kawu ya riga ya kashe wani abu daga kuɗin. Idan haka ne, ki karɓi biya kashi-kashi a rubuce da ranaku sanannu, ko a amince cewa za a cire kuɗinki daga kasonsa idan an raba gadon, magada su shaida. Ki bi matakan sulhu bi da bi: dattawan dangi, mai unguwa, sannan cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin kotuna ko hukumar Hisba inda take. Kada ki fara da 'yan sanda, domin muddin ba a ga alamar damfara da gangan ba, wannan magana ce ta bashi da ciniki, kuma ranar da aka kai kawu caji ofis za a daɗe ana tuna ta a cikin aurenki bayan kuɗin sun dawo. Amma kada kunya ta sa ki yafe abin da zuciyarki ba ta yafe ba. Dukiyar taki ce, shari'a ta ba matar aure iko a kan abin da ta mallaka, kuma idan duk hanyoyin sulhu suka toshe, zuwa kotu haƙƙinki ne da babu laifi a cikinsa. Wa'adin wata uku da kuka yi bai kamata ya tsorata ki ba: ki sa a sanar da kawu tun yanzu, a gaban dillali, cewa kuɗin suna nan a ajiye kuma jinkirin na jiran tabbacin mallaka ne, don kada gobe a ce ke kika saɓa alkawari. Allah Ya warware miki, Ya ba ki gida mai albarka, ki kuma rubuto mini abin da surukarki ta faɗa domin mu ga mataki na gaba.